Ka Sauka a Kano a Duba Maka Ƙoda

Fagge, Kano
Bayan Babbar Sallah

Zuwa ga ɗana Abba, mai sunan mahaifina.

Damina biyar ke nan rabona da gida. Tun ranar da ka rako ni tashar Birniwa kana ɗauke da tabarmata, shekarar farin nan da shanun nomanmu suka kwanta ba su tashi ba, ban sake taka garinmu ba. Ka sani, na sani, saboda haka ba zan fara da kame-kame ba. Amma gaisuwa haƙƙi ce. Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina gaida mahaifiyarka da ƙannenka da kawunka, da duk wanda bai ƙi jin sunana ba. Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ya tsare ku daga abin da ido ke gani da wanda ke ɓuya a cikin jiki. Ni ma ina nan da sauƙi, alhamdu lillahi. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, kai da ka gama firamare za ka ga kurakurai.

Garba mai fata, wanda zai miƙa maka takardar nan, ya gaya mini abu biyu a kanka. Ya ce ka ɗaura niyyar tafiya Ikko da abokanka, dakon siminti a bakin teku, inda ake cewa jirage sun yi layi an rasa masu saukewa. Wannan ban ce komai ba. Na biyun a cikin raha ya faɗe shi, bai san ya soke ni ba. Ya ce lokacin girbin gero ka faɗi a gona kana riƙe da kwiɓi, kana amai, bawalinka ya yi ja, mahaifiyarka ta jiƙa maka kanwa, bayan kwana biyu ka miƙe, aka ce iska ce ta shige ka. Na ce masa wane gefe ne? Ciwon yana gangarowa mara? Ya ce, "Haba Malam Idi, ni fata nake saye, ba likita ba ne." Ranar ban iya cin tuwo ba.

Ba zan hana ka tafiya ba. Uban da ya bar gida ya shekara biyar ba shi da bakin ce wa ɗa zauna. Roƙo ɗaya nake yi. Jirgin ƙasanku dole ya tsaya a Kano. Ka sauka, ka ba ni kwana uku a duba maka ƙoda, sannan ka wuce. Abin da ya kayar da kai a gona na san shi, don shi ne ya kayar da ni. Kuma na san abin da ake faɗa a kaina a gida, cewa Sabon Gari ta cinye ni, na kwaso cutar mata, kunya ta hana ni dawowa. Kunya kam ta hana ni, amma ba wannan ba. Ka karanta har ƙarshe, sannan ka yanke hukunci.

Da na zo Kano a Kantin Kwari na sami dako, wajen wani Alhaji mai sarin atamfa. Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa. Da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da na baya, sai ka ce an buɗe wa tumaki rumbu. Masinja ma leshi yake nema. Motoci na sauke dila, wasu na ɗauka, mu kuma a kan kowace dila ake biyanmu. Wurin kewayawa kuwa yana da nisa, ga layi, in ka tafi ka dawo wani ya yi sawu uku a madadinka. Ruwan ma saye ake yi wajen 'yan garuwa. Sai na yi wa kaina dabara, ina ganin ni mai wayo ne: kofin shayi ɗaya da safe, daga nan sai goro. In ƙishirwa ta taso in ɓantari goro in danne ta. Gumi na zuba ta ƙarƙashin gammo har cikin ido, ni kuwa ko kurɓi.

Abin da ya fi cutar da ni shi ne yabo. Alwalar da na yi ta azahar da ita nake yin la'asar, da ita magariba, wani lokaci har lisha. 'Yan dako suka sa mini suna Malam Idi mai alwala ɗaya. In an kira salla kowa na rububin buta, ni sai in shige sahun gaba ina gyara hula, ina jin daɗi a raina. Ashe ba tsoron Allah ba ne, rowa ce da son a gani. Daga baya limamin unguwarmu ya ce mini yin salla mutum yana matse da bawali abin ƙi ne, sabunta alwala kuwa lada ne. Na ce Malam, ina ma ka faɗa mini tun da wuri. Ya ce, "Ka tambaye ni?" Gaskiyarsa.

To Abba, simintin Ikko ya fi dilar Kwari zafi, kuma can gumi ba ya bushewa. Ka sha ruwa kafin ƙishirwa ta tambaye ka. Ka riƙa duban bawalinka, kada ka ji ƙyama, naka ne. In ya fito fari kamar ruwan rijiya, ka biya jikinka haƙƙinsa. In ya fito kamar shayi, ana binka bashi, je ka biya. In shugaban aiki ya zage ka don ka je kewayawa, bar shi ya zaga, zagi ba ya zama tsakuwa. Buhu biyu da za ka rasa a yini ba su kai abin da ni na rasa ba.

Daga baya a asibiti likita ne ya fahimtar da ni yadda abin yake, ta bakin nas ɗin da ke yi masa fassara. Ya ce ƙoda matatar jiki ce, ita ke tace jini ta fitar da gishiri da datti ta bawali. In ruwa ya wadata sai ya wanke su su wuce. In babu, sai su kwanta su daskare, kamar farin ɓawon nan da ke taruwa a gindin butar shayi. Yau ƙwayar yashi, gobe ƙwayar gero, wata rana tsakuwa. Tana zaune a ƙoda ba ka san da ita ba. Ranar da ta gangaro cikin siririyar hanyar da ke kai bawali mafitsara ta maƙale, ranar za ka san Allah ɗaya ne.

Tawa ranar ta zo ne da bazara, bayan la'asar, dila na kaina. Ji na yi kamar an soka mini basilla a kwiɓin hagu ana murzawa. Na yar da kayan Alhaji a ƙasa. In na zauna babu daɗi, in na kwanta babu daɗi, ina ta birgima kamar jakin da ƙuda ya dama. Ciwon ya taso ya lafa, ya taso ya lafa, yana gangarowa mara har zuwa gaba, ga amai. Da na samu na kewaya sai ɗigo-ɗigo, da zafi, da jini. Na ce a raina tsargiya ce ta dawo, tunda duk wanda ya yi wanka a kududdufin garinmu ya yi ta yana yaro, ba wanda ya ɗauke ta ciwo. Wannan ma kuskure ne. Jini a bawalin babban mutum ba abin da za a ɗaga wa kafaɗa ba ne, ko da tsargiyar ce.

Akwai wani abokin dakonmu, Ɗan'asabe, bakinsa ya fi reza. Ya gan ni na fito daga kewaye ina cije leɓe, ina tafiya a tattale. Ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji:

"Jama'a, ku zo ku ga mai alwala ɗaya! Ashe a Sabon Gari ake sabunta ta?"

Aka fashe da dariya. Na ce, "Ɗan'asabe, ka ji tsoron Allah."

Ya ce, "Ni ina jin tsoronsa, Malam, shi ya sa nake shan kafso kafin in tsallaka titi. Kai ne ka tafi da tawakkali. Ruwa dai ba ya tsami banza."

Wasa yake yi, amma wasan nan shi ya kulle mini baki. A Fagge, namijin da matarsa ke ƙauye, in ya ce bawali na yi masa zafi, an gama yi masa shari'a. Titi ɗaya ne tsakaninmu da Sabon Gari, kowa ya ce ciwon sanyi ne. Sai na daina nuna ciwo. In ya taso in laɓe bayan dila in ciji gammo. Na gwammace a ce ni rago ne da a ce ni mazinaci ne. Ka ga wautar? Na tsare sunana na bar ƙodata, ƙarshe sunan ma bai tsira ba.

Na fara da mai maganin nan na mahaɗar Bata, mai lasifika a kan mota, wanda kwalbarsa ɗaya ke maganin basir da shawara da sanyi da ciwon baya da baƙin jinin kasuwa. Na saya na sha. Kwana uku ina gudawa, ɗan ruwan da ya rage a jikina ma ya tafi. Na koma kan jar kanwa, irin wadda aka jiƙa maka. Daga nan na rufe fuska da rawani na tsallaka Sabon Gari, kyamis ɗin wani Ibo da ake kira Obi, don can ba wanda ya san ni. Sau biyu yana ba ni kafso da ƙwayar kashe zafi. A na uku ya ce in nuna masa daidai inda ke ciwo. Na nuna. Ya ɗan bubbuga wurin da gefen hannu, na yi tsalle. Ya tura mini kuɗina. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni:

"Malam, wannan ba ciwon kanti ba ne. Ƙoda ce. In na sake sayar maka, kuɗinka kawai na ci. Je ka asibiti su ɗauki hoto."

Na ce, "In ba ka da magani ka ce ba ka da shi."

Ya ce, "Ina da shi cike da kanta. Naka ne babu."

Na fita ina zaginsa a zuci. Mutumin nan bayan yaƙi ya dawo Kano ya tarar ba shi da ko cokali, ya fi ni bukatar sulallan nan, amma ya mayar mini. Duk Kano shi ya fara gaya mini gaskiya. In mutum ya ƙi karɓar kuɗinka ya ce ka tafi gaba, ka saurare shi, ko wane yare yake yi, ko ina yake fuskanta in zai yi ibada.

A ƙofar kyamis ɗin nan na yi kiciɓis da wani mutumin garinmu. Ba zan kama sunansa ba, ka san shi, kana durƙusa masa. Ya dubi rawanin, ya dubi tsohon ƙunshin kafso a hannuna, ya ce, "A'a, Idi, kai ne a nan?" Maimakon in ce ƙoda ke damuna, sai na sunkuyar da kai kamar an kama ni da akuyar mutane. Shi ya kai labarin gida. Abin da ya kawo shi Sabon Gari shi kansa, ba wanda ya tambaya. Na daɗe ina jin haushinsa, har yanzu ma da saura. Amma in za a yi adalci, abin da ya gani ya faɗa. Ni na ba shi rabin labari, ya cike sauran da kansa.

Mai gidan da nake haya, Baba Lasisi, Bayarabe ne, tela, dattijo mai salla. Shi ya gaji da jin nishina ta bango. Wata safiya ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Idi, ni ba na son gawa a gidana, haya nake so. Sa rigarka." Ya kai ni babban asibitin gwamnati. Ka ji abin da ake yi, don kada tsoro ya cika maka ciki kamar yadda ya cika mini. Za a yanka maka kati. Za a ba ka 'yar kwalba ka yi bawali a auna. Za a ɗebi jini kaɗan. Sannan hoto: a yi maka allura a jijiyar hannu, ka ji ɗumi ya ratsa ka, ka kwanta a kan tebur a ɗauka, a jira, a sake ɗauka, don su ga yadda ruwa ke bi ta kowace ƙoda. Ba yanka, ba ƙuna. Shi ke nan abin da na shekara ina gudu.

Likitan ɗan Indiya ne, gajere, ba ya dariya. Ya ɗaga hoton a haske ya nuna mini wani farin tabo kamar ƙwayar gurjiya. Nas ya ce, "Likita ya ce ga ɓarawonka." Ya yi mini bayani dalla-dalla. In tsakuwa ƙarama ce, kamar gero ko dawa, ba a taɓa mutum da wuƙa. Allurar kashe zafi ce, da ruwa mai yawa, da zirga-zirga, sai ta faɗo da kanta. Har cewa suke yi ka riƙa tace bawalin da ƙyalle don a kama ta a ga irinta. Amma tawa ta yi girma, ta toshe hanya, ruwa na taruwa a bayanta yana kumbura ƙodar. Sai an yi tiyata an ciro ta. Ya ce ƙodar tana da rai, in an yi yanzu za ta tashi. Ya ba ni rana. Ya kuma tambaye ni ko akwai mai irin ciwon a gidanmu, don yakan bi jini. Nan na tuna mai sunanka, Allah ya jiƙansa, yadda yakan riƙe kwiɓi ya kwanta a zaure ana gasa masa tsumma, ana cewa sammu ne, har ya tafi jiki a kumbure. Shi, ni, yanzu kai. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta an ce ka shafa wa naka ruwa, to wannan gemun ubanka ne da na kakanka.

Ranar da aka ba ni ta faɗo mako biyu kafin Ƙaramar Sallah, lokacin da Kwari ke tafasa. Na gaya wa Alhaji. Ya ce, "Idi, yanzu? Bari mana a wuce Sallah, ai ba gudu asibitin zai yi ba." Ba zan ɗora masa ba. Bai ɗaure mini ƙafa ba, abin da nake so in ji ya faɗa. Tsoron wuƙa nake yi. Na taso ina jin cewa wanda aka buɗe wa ciki ba ya komawa mutum. Ga lissafin abin da zan samu a makon Sallah, ina cewa da shi zan cike kuɗin sa ɗaya in dawo gida da kaina a sama. Ranar ta zo ta wuce ina ƙarƙashin dila, da azumi a bakina, a cikin zafin nan, alhali an gaya mini marar lafiya yana da sauƙin ramawa.

Bayan Sallah sai ciwon ya yi shiru. Ɗif, kamar an ɗauke ruwan sama. Na ce alhamdu lillahi, rubutun da na sha ya narkar da ita. Har gori na yi wa Baba Lasisi, na ce ga shi Allah ya yi mini tiyatarsa ba wuƙa. Ya ce, "To, mu koma su sake hoto mu gani." Na ce wanda ya warke me zai je yi asibiti? Ka riƙe wannan da kyau, Abba, don a nan kake tsaye yanzu. Ka miƙe bayan kwana biyu, kowa ya ce ka warke. Wataƙila ta faɗo ba ka lura ba, Allah ya sa haka ne. Wataƙila kuma tana nan ta gyara zama. Ba mai iya rabe wannan da wancan sai hoto. Ban ce kada ka sha rubutu ba. Ka sha, ka bi shi da ruwa moɗa biyu, sannan ka je a duba.

Ni watanni na yi ina murna. Sai wata rana zazzaɓi ya rufe ni, da rawar ɗari har haƙora na haɗuwa, ana tsakiyar zafi. Kwiɓin ya yi nauyi kamar an cusa dutse. Ban san sanda Baba Lasisi ya sa ni a tasi ba. Likitan nan dai na tarar. Ya dube ni ya dubi sabon hoton, ya yi magana a hankali. Nas ya ce, "Likita ya ce ya gane ka, kai ne ka gudu. Ya ce ƙodar da aka toshe in ta daina ciwo ba warkewa ta yi ba, gajiya ta yi. Yanzu ta mutu, ta zama jakar mugunya. In ba a cire ta ba za ta tafi da kai." Na ce a ciro tsakuwar kawai mana, kamar yadda aka ce da. Nas ya ce, "Wancan jirgin ya tashi, Baba." In ka taɓa jin ciwon kwiɓi ya haɗu da zazzaɓi da rawar ɗari, ko bawali ya ɗauke, kada ka jira gari ya waye, kada ka jira albashi, kada ka jira kowa.

Na dangwala hannu. Suka sa mini abin barci, na farka da ɗinki daga baya har gefen ciki, da roba tana zubar da ruwa. Ya yi ciwo, ba zan yi maka ƙarya ba, amma bai kai ciwon tsakuwar ba ko rabi. Wuƙar da na guje wa ba ta ci ni ba, gudun ne ya ci ni. A gadon da ke kusa da nawa akwai wani malamin makaranta, tsakuwarsa ta fi tawa girma, amma ya zo ranar da aka ce ya zo. Aka ciro ta, aka bar masa ƙodarsa, ya riga ni fita yana ɗaga mini hannu. Akwai kuma wani saurayi soja da ba a ko taɓa shi ba, ruwa aka yi ta ɗura masa, rana ta uku ya zo yana nuna wa kowa 'yar tsakuwa a ƙyalle kamar ya ci caca. Mu uku, ciwo ɗaya. Bambancinmu ranar zuwa.

Da za a sallame ni likita ya ba ni tawa a kwalba. Baƙa-baƙa ce, da ƙaya-ƙaya kamar ƙashin yawo. Ya ce ƙoda ɗaya tana riƙe mutum har tsufa in ya riƙe ta, amma ba ni da ta canji. Ruwa da yawa, dare da rana. A rage gishiri. A rage tsire da kilishi, ba a ce a daina ba. Lemun tsami a ruwa yana da kyau. Kanwa da ƙwayoyin kashe zafi na kan titi, a bar su. Da azumi, tsakanin buɗa baki da sahur a yi ta sha kaɗan-kaɗan, ba shayi kaɗai ba, in ciwo ya motsa a ajiye a rama. Wanda ya taɓa yin tsakuwa yakan sake, don haka ba a sallama da asibiti. Na ba ka su yadda aka ba ni, kyauta, ni kuwa da tsada na saye su.

Dako ya ƙare mini. Alhaji ya ba ni 'yan kuɗi da turmin atamfa ɗaya, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, kafin la'asar wani ya ɗauki gammona. Shekara uku na yi masa. Na ji zafi, amma kasuwa ce, ba gidan ubana ba, kuma da yawa ko turmin ba za su bayar ba. Yanzu ɗinkin dila nake yi da basilla a bakin layi, a zaune. Na ajiye randa a gefena da moɗa, duk ɗan dakon da ya wuce sai na tsare shi ya sha. Sun canza mini suna, yanzu Sarkin Ruwa nake. Bara Ɗan'asabe ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya rage murya, abin da ban taɓa ji ya yi ba. Ya ce, "Malam Idi, wurin nan da ka riƙa riƙewa, nan ne?" Na dube shi. Maganar da zan mayar masa tana kan harshena, shekara biyu ina wasa ta. Na haɗiye, na ce tashi mu je. Tasa ƙarama ce, ta faɗo da ruwa. Ban rama ba, amma kada ka ɗauke ni waliyyi, na so in rama.

Saura abu ɗaya, shi ya fi nauyi. Duk wannan ban aika wa mahaifiyarka ko kalma ba. Da farko na ce sai na warke. Sannan na ce sai na tara kuɗin shanu. Da labarin Sabon Gari ya dawo kunnena sai zuciya ta ɗebe ni, na ce tunda sun yarda da shi ba su tambaye ni ba, su riƙe. Ina nan ina fushi da mutanen da ban gaya wa komai ba. Ita ta zauna da gorin matan gari, kai ka girma kana sunkuyar da kai in an ambaci ubanka. Wannan ba tsakuwa ta yi shi ba, ni na yi. In ka je Ikko, komai ya same ka, ciwo ko asara ko abin kunya, ka faɗa da bakinka tun yana ƙarami. Shiru ma taruwa yake yi yana daskarewa. Ka karanta mata takardar nan. Inda ka ji nauyi ka tsallake, za ta gane. Ban ce ta yafe ba, na dai ce ta sani. Tabon yana nan a kwiɓina, kwalbar tana nan, Baba Lasisi yana da rai, duk mai so ya zo ya gani.

In ka sauka a tasha ka nemi Fagge, wajen Rijiyar Lemo, ka tambayi gidan Baba Lasisi tela, ko yaro zai nuna maka. In ba ka son ganina, na fahimta, kuma na riga na shirya. Na yi magana da shi, shi zai kai ka asibiti ya tsaya maka, ka kwana a ɗakina, ni in kwana a kasuwa har ka tafi. Ba sai ka gaishe ni ba. Hoton nake so, ba gaisuwar ba. In an duba babu komai, ka hau jirginka da albarkata. In akwai, a fitar da ita tun tana ƙwayar gero. Abokanka za su ce za a riga ka samun aiki. Simintin nan ba zai ƙare a kwana uku ba, ni ma Sallah aka ce in bari ta wuce.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na ruwa da na mugun aboki. Allah ya ba ka kasuwa mai albarka da jikin da za ka ci ta da shi. Allah ya sa ka fi ubanka jin magana. Ya jiƙan magabatanmu, ya ba mahaifiyarka ladan haƙuri, ya raya ƙannenka. Ka gaida kowa da kowa. Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Idi

Garba ya ce mahaifiyarka ta tambaye shi ko na tara wani abu a shekarun nan. Ga shi, ba ƙari ba ragi. Naira arba'in da ɗaya, suna hannun Baba Lasisi, na asibitinka ne da guzurinka. Turmin atamfa ɗaya, ban yanka ba, Garba zai kai mata. Basilla biyu. Randa ɗaya. Buta biyu, sabuwar taka ce. Tsakuwa ɗaya a kwalba. Ƙoda ɗaya.

Kai kuwa ƙoda biyu gare ka. Ka sauka a Kano.